Ƙauyen Gwaggo Daga Sama

Malamin da ya duba kundina na digiri na biyu bai taɓa zuwa Birnin Gwari ba, kuma tun ranar farko ya gaya min ba shi da niyyar zuwa. Ban ga laifinsa ba. Mu ma da aka haifa a nan sai mun yi addu'a mun ƙara kafin mu hau hanyar Kaduna. Fannina nazarin zamantakewar jama'a ne, abin da nake so in rubuta a kai kuwa shi ne mutanen da suka baro ƙauyukansu na bakin daji saboda 'yan bindiga suka taru a cikin gari: wa ya karɓe su, yaya suke zaune, me suka baro a baya. Da na ce masa zan shiga ƙauyukan in gani da idona, sai ya cire tabarau ya ce shi dai ba zai sa hannu a wannan gangancin ba. Ya ce in koma intanet, akwai abin da zai ishe ni a can.

Na fito daga ofishinsa ina ƙunƙuni. Mutanen da na tashi a cikinsu, wai sai na je intanet zan san halinsu? Amma da na huce na zauna, sai na ga ashe mutumin yana da gaskiya, ko da yake har yau ban faɗa masa ba.

Na sami shafukan da ake sauke ƙasidun masana kyauta, na sauke har kwamfutata ta fara nishi. Na sami rumbunan bayanai inda ake ajiye sakamakon manyan binciken da aka yi gida-gida a faɗin ƙasa. Sai ka yi rajista, ka bayyana abin da za ka yi da su, sannan a buɗe maka. Suna da amfani, amma da ka tace ka tace ka iso ƙaramar hukumarmu, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba. Akwai wata manhaja da na sa a waya, ina shigar da amsoshin mutane ko babu sabis, in na samu sai ta tura da kanta. Wannan kam Allah ya saka wa wanda ya yi ta. Akwai kuma wadda aka ce tana mayar da magana rubutu. Na saka mata hirar da na yi da wata tsohuwa mai haɗa Hausa da Gbagyi, ta fito min da wani shirme da ko mahaukaci ba zai faɗa ba, na goge ta a ranar.

Wadda ta kama ni ita ce taswira mai hotunan tauraron ɗan'adam. Kana zaune za ka matso da duniya har ka ga rufin ɗaki. A gefe akwai wani ɗan layi da ake ja, ya mayar da kai hotunan shekarun baya ko ya kawo ka na kwanan nan. Aikina shi ne in buɗe ƙauye a tsohon hoto in duba gidajensa, in ja layin zuwa sabo in ga abin da ya rage.

A gidanmu wuri ɗaya ne sabis yake zama, can ƙuryar tsakar gida kusa da turken awaki. In na taso daga makarantar da nake koyarwa, na yi la'asar, sai in shimfiɗa tabarma a wurin in buɗe kwamfuta, awaki suna jan min mayafi. Nan Gwaggo ta saba samuna.

Gwaggo yayar Baba ce, ita ta goya shi. Tun tana yarinya aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Randagi, can ta haihu, can mijinta ya rasu, can ta tsufa da rumbunta da gonarta da bakinta da babu mai iya tanka masa. Da ƙauyen ya tashi, babban ɗanta ya ɗauko ta da iyalinsa suka zo gidanmu. Baba ya ba ta ɗaki mai siminti da fanka, ita kuwa ba ta taɓa kiransa ɗakinta ba, sai dai ta ce ɗakin nan. Masarar kasuwa ba ta da ɗanɗano, ruwan famfo yana warin ƙarfe, mutanen gari ba su iya gaisuwa ba. Ni sunan mahaifiyarsu, ita da Baba, aka sa min, don haka ba ta faɗar sunana, Uwata take ce min, ko da za ta zage ni.

Wata rana da yamma ta tsaya a kaina tana leƙen allon.

"Uwata, wannan dagwalon mene ne kike ta kallo kamar mai duba?"

A lokacin ƙauyensu ne a buɗe, tsohon hoton, wanda aka ɗauka da rani tun mutane suna ciki. Na ce mata ta zauna ta gani. Ta zauna tana yatsina fuska. Na nuna mata hanyar da ta taso daga Randagi, na nuna mata rafi. Ta ce ita ba ta ga komai ba sai ƙasa da ɗigo-ɗigo. Ai da gaskiyarta, wanda ya yi rayuwarsa duk a cikin gari bai taɓa ganinsa ta sama ba. Na ƙara matso da hoton. Sai ga wani falalen dutse a gabashin gidajen, da mangwaro biyu a jikinsa.

Gwaggo ta matso kusa da allon. Ta goge hannunta a zani, ta ɗora yatsa a kan dutsen.

"Innalillahi. Wannan ai dutsenmu ne."

Daga nan ba ta ƙara buƙatata ba. Ta sa yatsa ta bi 'yar hanyar da ta sauko daga dutsen, fara sol a cikin hoton kamar zare, ta shiga tsakanin gidaje tana faɗar masu su. Ta ratse ta masallaci, ta kewaye gidan maƙeri, ta tsaya a wani rufin kwano da rumbuna a bayansa. Ta ce ga ɗakinta nan. Ta sake fita ta wata hanyar zuwa rijiya, ta dawo, ta bi ta gona. Ina kallon yatsan nan yana yawo a kan gilashi, wallahi sai da na kau da kai, don na ji hawaye yana so ya ba ni kunya.

Na ce mata, "Gwaggo, hoton fa tsoho ne. An jima da ɗaukarsa." Na nuna mata shekarar da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a ƙasan allo.

Ta ce, "Tsoho kamar yaya? Ba ga shi muna kallo ba?"

Na yi bayani, ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da take yi wa likita. Daga baya na gane inda matsalar take. A wannan kwamfutar ce take magana da 'yarta da ke Kaduna, tana ganin fuskarta, tana ganin jikokinta suna tsalle a lokacin da suke yi. To abin da ya nuna mata Kaduna a yanzu, don me zai nuna mata ƙauyensu a da? Kuma abu ne da aka ce yana sama yana kallon ƙasa. Wanda ke sama ai ba ya ganin jiya.

Kafin a jima labari ya bazu a cikin matan ƙauyensu da ke warwatse a unguwanni. Kullum da la'asar sai ga su da mayafai da 'ya'ya a goye, wai sun zo Uwar Gwaggo ta nuna musu gida. Turken awakinmu ya koma dandali. Wata ta ga ɗakinta ta fashe da kuka, wata ta ga katangar maƙwabciyarta ta shigo mata fili ta tayar da tsohuwar rigima a nan take, sai da aka ba su haƙuri. Ni kuwa aikina ya samu, don da izininsu nake rubuta abin da suke faɗa: wane gida ya koma ina, wa ya tafi Kaduna, wa ya tsallaka jihar Neja, wa ba a san inda yake ba. Kowace na gaya mata hoton tsoho ne. Yawancinsu sun gane, musamman masu ƙuruciya. Sabon hoton kuwa ban buɗe wa kowa ba. Ni na gan shi tun tuni, kuma ban ga amfanin in ɗora wa matan da suka zo kallon gida abin da ke cikinsa ba.

Gwaggo ce ta fara lura da farin abin. A kan falalen dutsen akwai wani ɗan fili fari mai kusurwa huɗu. Ta sa na matso da shi har ya dushe.

"Shanya ce," in ji ta. "Rogo ne aka jiƙa aka baza."

Na ce ƙila.

"Babu wani ƙila. Na fi ki sanin shanya. To wa ya baza ta? Aljanu?" Ta dubi matan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya. "Mutane sun koma. Mu muna nan zaune muna cin tuwon sadaka, wasu sun koma har sun haƙi rogo."

Kalmar tuwon sadakar nan ta ƙona min rai, don babu wanda ya taɓa yi mata gori a gidanmu. Na buɗe baki zan mayar mata, na ga yadda idonta ke ƙyalli, na haɗiye. Rabon da in ga Gwaggo da irin wannan kuzarin tun tana zuwa mana da ƙullin daddawa da man kaɗanya a lokacin da hanya take lafiya.

Daga ranar ta canja. Ta daina kushe masarar kasuwa, ta fara cin abinci sosai, tana cewa tafiya tana son ƙarfi. Ta ce dole ta isa kafin ruwan farko, ta yi wa katanga yaɓe, ta share gona. Ɗanta ya ce mata maza sun leƙa sun dawo, sun ce an yi ɓarna, babu kowa a can. Ta ce maza ai haka suke, in tsoro ya kama su sai su ce gari ya ƙone, ita da idonta ta ga kwanonta yana walƙiya. Baba ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana lallashi, ta ce masa tun yana tsumma take share masa majina, ba yau zai fara ba ta umarni ba. Baba ya taso yana sosa ƙeya.

Ɗan nata taubashina ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma tunda ni 'yar namiji ce shi ɗan mace, bawana nake ce masa, shi kuma ya ce min Farfesa. Tun da suka zo gari yake aikin ƙodago a gonakin mutane na kusa, mutumin da a da shi ke ɗaukar ma'aikata. Wata rana ya tare ni a zaure ina dawowa daga makaranta, na ce, "Bawana, karɓi jakar nan mana." Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ta gama magana da mai babur. Ranar kasuwar Randagi zai ɗauke ta. Ya ce shi iyakarsa bakin rafi, ta ce ta ji, za ta ƙarasa da ƙafa."

Na ce ya je ya hana mai babur ɗin.

"Na hana wannan, ta nemo wani. Kin san ta. In na kulle ta a ɗaki kuma ta tsine min." Ya dube ni. "An ce akwai sabon hoto a na'urar nan taki."

Na ce akwai.

"Ki nuna mata."

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi da yake ɗanta ya kasa faɗa mata gaskiya dalla-dalla, sai ni zai tura in kashe mata zuciya? Na ce tsohuwar nan ta fara cin abinci, ta fara dariya, shi bai gani ba ne? Na faɗi maganganu da yawa, wasu ma ba su kamata a faɗa wa wanda ya girme ka ba, ko da taubashinka ne. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Na faɗa mata, ba ta yarda da bakina ba. Da abin nan ta yarda. Hanyar nan kuwa, Farfesa, ko ni namiji ba na bin ta."

Na wuce ciki. Tsoro nake ji, tsoron ta tafi da tsoron in hana ta, kuma na san wanda ya fi girma a cikinsu.

Washegari babu makaranta. Da hantsi, kafin mata su fara zuwa, na shimfiɗa tabarma a wurin awaki na kira ta. Ta zo da fara'arta, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ce in buɗe mata ta ga ko an kwashe shanyar. Na buɗe. Shanya tana nan inda take.

Na ce, "Gwaggo, tun da muka fara kallon nan, kin taɓa ganin an kwashe ta?"

Ta ce masu ita ne ragwaye.

"Inuwar mangwaron nan fa? Da safe muka duba, da yamma muka duba, kin taɓa ganin ta juya?"

Ta ƙura wa inuwar ido.

Na sake karanta mata shekarar, amma wannan karon ban tsaya a lamba ba, na ce mata shekarar da aka yi bikin autarta ce, ranin da ya biyo baya. Na ce, "Kina can a lokacin. Shanyar nan, Gwaggo, ƙila ma taki ce."

Ta daɗe tana kallon farin filin. Can ta ce, a hankali, "A wannan gefen nake baza tawa. Ya fi samun rana."

Na ce mata akwai wani hoton na bayan tasowarsu, in tana so ta gani, in ba ta so shi ke nan, amma ina roƙonta don Allah kada ta hau babur ɗin nan sai ta gani. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce in buɗe.

Na ja layin. Sabis ɗinmu na tsiya ya zaɓi wannan lokacin ya yi nawa, hoton ya riƙa fitowa gutsure-gutsure, dutsen ya fara bayyana, sannan mangwaron. Da ya gama fitowa, gidajen sun koma ramuka-ramuka, bango a tsaye babu rufi, kana hango cikin kowane ɗaki. Kwanonta babu shi. Inda rumbuna suke sai baƙaƙen da'ira. Na riƙe numfashi ina jiran kuka.

Ba ta yi ba. Ta ce, "Rufi ba komai ba ne. Kwano ai sayensa ake yi, jinka kuwa in maza sun taru yini ɗaya ne." Har na fara jin cewa na sha wahalar banza, za ta ce gobe ma sai ta tafi.

Sai ta ɗora yatsa a kan dutsen kamar yadda ta saba, za ta sauko zuwa gida. Yatsan ya tsaya. Ta matsa shi hagu, ta matsa shi dama.

"Ina hanyar?"

Na duba. Ni duk zaman da na yi da hoton nan rufi nake dubawa, don shi aikina ya ce in duba. Farin zaren da ya sauko daga dutsen babu shi. Na rijiya babu, na masallaci babu, na gona babu. Ciyawa da sabon toho sun haɗe komai, tun daga bakin rafi har ƙofar ɗakinta, launi ɗaya.

"Matso da shi," ta ce. Na matso. Ta nemi ta rijiya, ta ce wannan ko kowa ya bar gari, in da mutum ɗaya ya rage dole ya sha ruwa. Na bi mata wurin a hankali, daga gidajen har bakin rijiyar. Babu alamar ƙafa.

Ta janye hannunta ta ajiye a cinya. Muka zauna haka, awaki suna ta cin dusa a gefenmu. Na ce mata ta yi haƙuri. Ta ce, "Me kika yi min, Uwata?" Ta dafa kafaɗata ta miƙe, na ji nauyinta a jikina fiye da kullum, ta shiga ɗaki. Da matan suka zo da la'asar na ce musu yau babu sabis.

Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta kuma yi magana da kowa ba. Ɗanta ya riƙa zarya tsakanin zaure da ƙofarta, yana dubana ina dubansa. Babu wanda ya san ko ta fasa, kasuwar Randagi kuwa saura kaɗan.

Kashegari da safe ina tsakar gida ina shirin makaranta, Baba ya zo gaishe ta kamar yadda yake yi kullum. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ta ɗaga labule tana zaune a kan sallaya da carbi. Suka gaisa. Har zai tashi ta ce ya dakata.

"Maƙabartar nan taku ta gari, ƙasarta ja ce ko baƙa?"

Baba ya dube ta. Ya ce, "Ja ce, Yaya. Mai tsakuwa."

"Ruwa yana kwanciya a wurin da damina?"

"Ba ya kwanciya. Tudu ne."

"Su Inna a can suke?"

"Suna can, ta wajen gabas."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Sai a lokacin na fahimci cewa ba don yaɓen katanga ko sharar gona take ta wannan rigimar ba. Mijinta yana kwance a can ƙauyen, da 'ya'yan da ta binne suna ƙanana, kuma ta riga ta zaɓi inda take so a ajiye ta.

Gwaggo ta ja carbinta ta ce, "To, alhamdulillahi. In lokaci ya yi, ka sa ni kusa da Inna." Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta, ta ce ya je ya gaya wa mai babur kada ya zo.